TARIHIN DUNIYA: ƊAKIN ZINARIYA NA SARKIN INKA

Darasin yau zai ƙetare da mu teku.

A zamanin da, zinariya mai yawa da Turawa ke buga kuɗi da ita daga ƙasashenmu na baƙar fata take fitowa, kamar Mali. Raƙuma ke ratsa hamada da ita. Turawa sunka so su kai ga zinariya da ƙafarsu.

Cikin shekara ta 1492, Kiristof Kolom ya tashi daga Ispaniya da jiragen ruwa 3. Hanyar Indiya yake nema, sai ya faɗa Amurka. Mayaƙa sunka biyo sawunsa. Guda daga cikinsu shi ne Faransisko Pizaro, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Shekara ta 1532, Pizaro ya hau duwatsun ƙasar Peru da mutum 168. Can daular Inka take, mai miliyoyin talakawa. Amma ya iske bango ya tsage: annoba ta ci mutane, kuma sarki Atawalpa bai daɗe da gama yaƙi da ɗan uwansa ba. Inka ba su san doki ba, ba su san bindiga ba. Pizaro ya gayyaci sarki ganawa a garin Kahamarka, ya yi masa kwanton ɓauna. Anka kashe dubban mutanensa, anka kama shi.

Sarki ya lura da abin da baƙin ke kwaɗayi. Ya ce in za su sake shi, zai cika musu ɗaki da zinariya har iyakar inda hannunsa ya kai, azurfa kuma cikin ɗakin sau biyu. Ga Inka zinariya ba kuɗi ba ce, kayan ado ce da na bauta. Wata da watanni ana kawo tuluna da akusa da gumaka, aikin maƙera gwanaye. Ispaniyawa sunka narke su. Anka auna: zinariya wajen tan 6, azurfa wajen tan 12.

Sun sake shi? Ko kusa! Cikin watan Yuli 1533 sunka shaƙe shi. Wannan cin amana ne tsagwaronsa.

Rabon ganima da ƙasa kuma ya haɗa su faɗa. Shekara ta 1541, ƴan ƙasarsu sunka kashe Pizaro cikin gidansa a birnin Lima.

Ga lissafi: sarkin Ispaniya yana karɓar kashi 1 cikin 5. Tan guda kilo 1000 ne. Cikin tan 6, kilo nawa ya samu?