Shanyewar Hannu Bayan Haɗarin Babur: Abin da Likitan Fiɗa Ke Iya Yi

A gindin wuyan mutum akwai jijiyoyi 5 a kowane gefe, waɗanda suke fitowa daga laka, su sarƙe da juna kamar tufkar igiya, su ratsa ta hammata, sa'an nan su bazu cikin hannu har yatsu. Waɗannan ba jijiyoyin jini ba ne. Su ne wayoyin da ke kai umurnin ƙwaƙwalwa ga tsoka, su komo mata da labarin zafi da sanyi da taɓawa.

Idan mahayin babur ya faɗi, kafaɗarsa ta daki ƙasa, kansa ya karkata ɗaya gefen da ƙarfi, jijiyoyin nan sukan miƙe fiye da kima, ko su tsinke, ko ma su tumɓuke daga laka. Sai hannu ya saki yana reto, sau da yawa da raɗaɗi kamar ƙunar wuta. Da yawa akan nufi maɗori, wasu kuma su ce sammu ne. Maɗori ya san ƙashi, amma ciwon nan ba a ƙashi yake ba, watannin da aka ɓata ana shafe-shafe kuwa su ne jarin majinyaci.

Ga dalili. Jijiyar da aka gyara tana tsirowa kimanin inci 1 ne a wata, tsokar da ta rasa jijiyarta kuwa har wata 12 zuwa 18 takan ƙanjame, ba ta sāke farfaɗowa. Saboda haka likitoci sukan saurara kaɗan, ko jijiyar da ta miƙe kawai za ta farfaɗo da kanta. In ba alama, sai su yi aiki tsakanin wata 3 da wata 6. In sara ne ko yanka, ba a jira.

Inda jijiya ta tsinke amma gindinta na nan, likita yakan ɗebo wata siririyar jijiya daga ƙafa, ya ɗinka ta a giɓin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta zama gada. Abin da ƙafar ke rasawa shi ne ji a gefen tafinta, tafiya ba ta canzawa.

Wadda ta tumɓuke daga laka ba ta komawa mazauninta. A nan sai aro: a karkato wata lafiyayyar jijiya a haɗa ta da matacciyar. A 1994 wani likitan Faransa, Christophe Oberlin, ya bayyana dabarar tsago ɗan zare daga jijiyar da ke aiki da yatsu a kai shi ga tsokar damtse, don gwiwar hannu ta sāke lanƙwasuwa. In hannun duka ya mutu, akan aro jijiyoyin da ke tsakanin haƙarƙari. Abin mamaki, da fari hannun yakan motsa ne sa'ad da mutum ya yi tari ko ya ja dogon numfashi, sai a hankali ƙwaƙwalwa ta koyi sabon aikin.

Wanda ya makara ma bai rasa duka ba. Ana iya sauya wa tsoka mai rai wurin kamu don ta ɗaga wuyan hannu ko ta damƙe yatsu. Ana iya ciro tsoka daga cinya tare da jijiyoyinta na jini a dasa a hannu, ko a ƙafe wuyan hannu ya daina reto.

Wajibi ne a faɗi gaskiya: likita yakan fara neman gwiwar hannu, sa'an nan kafaɗa, yatsu su zo daga baya, gama su suka fi nisa da wuya. Babban mutumin da jijiyoyinsa 5 suka tumɓuke zai iya samun hannun riƙe jaka ko danne takarda, amma da wuya ya koma ɗinki ko rubutu da shi. Sakamakon yakan ɗauki shekara 1 zuwa 2 ko fiye, kuma sai an dage da gashi da motsa gaɓoɓi kullum don kada su sandare.

Jarirai ma sukan sami wannan rauni a haihuwa mai wuya. Yawancinsu suna warkewa da kansu, amma a nuna wa likita tun da wuri, musamman wanda ya kai wata 3 bai lanƙwasa gwiwar hannu ba.

Duk wanda hannunsa ya saki bayan haɗari, ya je asibiti mafi kusa ya nemi takardar tura shi asibitin koyarwa, ko asibitin ƙashi na tarayya da ke Dala a Kano, ko Igbobi a Legas, ko Enugu. Ya riƙe ranar da haɗarin ya auku, domin daga ita likita zai fara lissafi.