Nisan Maiduguri da Njamena ta Jirgin Sama

Ran nan ina duba aikin ɗalibanmu masu koyon koyarwa, sai na tarar wani ya tambayi yara nisan filin jirgin sama na Maiduguri da na Njamena, babban birnin Chadi. Amsar da ya rubuta musu a allo ita ce kilomita 243. Ba daidai ba ce, yara kuwa sun kwafe ta cikin littattafansu. Shi ya sa na ga ya kamata mu bi lissafin nan tare, domin kowannenku zai tsaya gaban aji wata rana.

Da fari a nemo mazaunin kowane fili a taswira. Filin Maiduguri yana wajen digiri 11 da minti 51 arewa da Ikwaita, da digiri 13 da minti 5 gabas. Na Njamena kuwa digiri 12 da minti 8 arewa, da digiri 15 da minti 2 gabas. Minti 60 ke yin digiri ɗaya.

To, daga kudu zuwa arewa bambancinsu minti 17 ne kurum. Digiri ɗaya ta wannan fuska kilomita 111 ne ko'ina a duniya, watau minti 17 ya ba mu wajen kilomita 31.

Daga yamma zuwa gabas bambancin digiri 1 ne da minti 57. Nan sai a yi hattara. Layukan tsaye na taswira suna matsowa kusa da juna yayin da aka nufi ƙuryar arewa, kamar ɓawon lemo da aka tsaga. A wajen digiri 12, digiri ɗaya kilomita 108 da rabi ne, saboda haka muka sami 212. A ƙasarmu ragin kaɗan ne, amma a digiri 60 sai ya koma rabin 111.

Abin da malamin nan ya yi shi ne ya tara 212 da 31. Ai jirgi ba ya zuwa gabas sa'an nan ya karya kwana ya yi arewa, miƙewa yake yi. Sai a bi ka'idar Fitagoras: 212 sau 212 ya zama 44,944, 31 sau 31 ya zama 961, jimla 45,905. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da wannan ita ce wajen 214. Nisan ke nan, kilomita 214, ko mil 133. Jirgin da ke cin kilomita 400 a awa zai yi shi cikin rabin awa da 'yan mintoci.

In kun aza zare a taswira tsakanin garuruwan biyu, za ku ga ya ratsa arewacin Kamaru. Mai mota ma sai ya bi ta Dikwa da Gamboru, ya shiga Kamaru, ya ƙetare kogin Logon a Kusuri, tafiyarsa ta fi ta jirgi tsawo. Hanyar saman nan tsohuwa ce. Tun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen Ingila da aka harhaɗa a Takoradi suna bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy zuwa Masar. Fort Lamy ɗin ita aka sake wa suna Njamena a 1973.

Gobe malamin nan zai koma ajinsa da zare da taswira, yara su auna da hannunsu, su gyara abin da suka kwafa.