Aikin Jinga: A Rubuta Da Hannu Ko A Buga Da Kwamfuta?

Gabatarwa

Duk ranar da malami ya ba da jinga, tambayar farko da ke fitowa daga bayan aji ita ce, "Malam, da hannu ko a buga?" Wasu malaman kan nace sai an buga, wasu kuwa ba sa karɓa sai sun ga rubutun hannun ɗalibi. Wannan muƙala za ta dubi matsalar ta fuskar ɗalibin Hausa, musamman mu da muke karatu nesa da ƙasar Hausa, domin abin da ya dace da ɗalibin Ingilishi ba lalle ne ya dace da mu ba.

Abin Da Hannu Ke Koya Wa Ɗalibi

Alƙalami ba shi da sauri, kuma rashin saurin nan shi ne amfaninsa. Wanda ke rubutu da hannu dole ya tsaya ya zaɓi abin da zai rubuta. A shekarar 2014 wasu masana biyu a Amurka, Mueller da Oppenheimer, suka gwada ɗalibai masu ɗaukar darasi. Sun gano cewa masu amfani da kwamfuta sun fi kwafe maganar malami kalma bayan kalma, kuma sun fi rauni a tambayoyin da ke bukatar fahimta. Waɗanda suka maimaita binciken daga baya ba duka ne suka sami irin wannan bambanci ba, don haka kada a ɗauke shi yankan shakku. Sai dai darasinsa a fili yake: kwafe magana daban, fahimtarta daban.

A fagenmu kuwa akwai ayyukan da hannu ya fi dacewa da su. A darasin tsarin sauti ana bukatar a nuna karin sauti da tsawon wasali, abubuwan da rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Misali, gàrii (wurin zama) da gàarii (na tuwo) tsawon wasalin farko ne ya raba su, haka kuma kai (wakilin suna) da kâi (na jiki) karin sauti ne ya raba su. Mai ɗora waɗannan alamomi da biro sai ya furta kalmar, ya saurari kansa, kafin ya sa alama. Haka abin yake wajen zana bishiyar li'irabi a darasin ginin jimla, da kuma koyon rubutun ajami. Kada kuma a manta, jarrabawar ƙarshen zango da biro ake zama a rubuta ta. Ɗalibin da hannunsa bai saba ba, a nan zai gane kurensa.

Inda Kwamfuta Ta Yi Fice

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Kundin digiri ma bugawa ake yi. Aikin fassara, da aikin jarida, da na ɗab'i, waɗanda su ne ke jiran da yawa daga cikinmu, duk a kan na'ura ake yin su yanzu. Ban da haka, kwamfuta na ba da damar gyara: a ɗauke sakin layi daga nan a kai can, a share, a ƙara, ba tare da an sake kwafe shafi goma ba. Wanda rubutun hannunsa ba ya karantuwa, ko mai lalura a hannu ko a ido, ita ce gatansa.

Tarkon Da Ke Jiran Ɗalibin Hausa

Babbar matsalar ita ce baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Da yawa daga cikinmu shagon buga takardu muke kai aiki, kuma mai bugawar a nan sau da yawa ba ya jin Hausa. A wurinsa k da ƙ duk ɗaya ne. Ga abin da ke biyo baya:

ƙura ta tashi, sai ta koma kura ta tashi
ta yi ɓari, sai ta koma ta yi bari
ƙafa, sai ta koma kafa
ƙasa, sai ta koma kasa

Malamin ƙa'idojin rubutu ba zai tambayi wanda ya buga ba. Sunan ɗalibi ne a bangon aikin, makinsa ne zai zube.

A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da haruffan kwamfuta na musamman masu ɗauke da waɗannan baƙaƙe, aka daɗe ana cin moriyarsu. Matsalarsu ita ce, in an buɗe aikin a na'urar da ba ta da su, sai baƙaƙen su rikiɗe su koma wasu alamomi. Yanzu tsarin Unicode ya ƙunshi baƙaƙen Hausa duka, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar a maimakon 'y. Ana iya sa allon rubutun Hausa a kwamfuta ko a waya, irin su Gboard. Saboda haka uzurin "na'urar ba ta da su" ya ƙare.

Tarko na biyu shi ne manhajar gyaran rubutu da aka saita a kan Ingilishi. In ɗalibi ya haɗe shi ne ya rubuta shine, ba za ta ja masa layi ba, domin kalma ce a Ingilishi. Na uku kuma ya fi muni: a rubuta jinga da Ingilishi a ba na'ura ta fassara, ko a sa ChatGPT ya tsara ta gaba ɗaya. Wanda ya yi haka ya miƙa takarda, amma bai koyi Hausa ba.

Shawara

Abin da ya fi shi ne a raba aikin. Da farko a yi tunani da tsarawa da rubutun farko da hannu. Sannan ɗalibi ya zauna ya buga da kansa, domin a lokacin bugawar ne zai ga kurakuransa. In ya zama dole a kai shago, to a tsaya a kan mai bugawa, a kuma karanta kowane layi kafin a fitar. Kalmar da aka yi shakka a kanta a duba ta a ƙamus, kamar na Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ayyukan karin sauti da li'irabi da ajami kuwa a bar wa biro, sai in malami ya ce a buga.

Kammalawa

Mun ga cewa hannu ne ke koyar da ɗalibi, kwamfuta kuma ita ke fitar da aikinsa tsaf. Ga ɗan gwaji ga mai karatu: ɗauko jingar da ka buga a zangon da ya wuce, ka ja layi a ƙarƙashin duk inda ya kamata a ga ɓ ko ɗ ko ƙ, ka ƙirga nawa ne suka ɓace. Adadin da ka samu zai gaya maka inda za ka fara gyara.