Kayayyakin Majami'a da Suka Tsira Bayan Masu Su

Karatu: Ezra 1:7-11

Sa'ad da Sairus sarkin Farisa ya saki Yahudawa, ya mayar musu da tasoshin Haikali waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe, guda 5,400, an ƙidaya su a hannun Sheshbazzar. Ƙidayar nan ba banza ba ce. Abin da aka keɓe domin sujada amana ne, amana kuwa sai da lissafi.

Makamancin wannan ya faru a birnin Prag na ƙasar Cek. A 1906 Yahudawa suka kafa gidan tarihi domin ceton kayayyakin majami'un da aka rushe sa'ad da ake sabunta unguwarsu. A 1942, ana tsakiyar kwashe jama'arsu zuwa sansanonin 'yan Nazi, shugabanninsu suka sami izinin tattaro kayan majami'un Bohemiya da Morabiya wuri ɗaya: naɗaɗɗun littattafan Attaura, da rigunansu na ado, da kambin azurfa, da alkukai, da labulen akwatin Attaura, har da ɗan sandan azurfa mai siffar hannu wanda mai karatu yake bin layi da shi, don kada yatsa ya taɓa rubutun. Ma'aikatan suka riƙa rubuta wa kowane abu lamba da sunan garinsa. Yawancinsu ba su tsira ba. Sunayen mamata kusan 80,000 suna rubuce a bangon majami'ar Pinkas.

Gwamnatin kwaminisanci ta karɓe gidan a 1950, sai a 1994 aka mayar wa jama'ar Yahudawa.

Ikilisiyoyin Hausa da suke baƙunci a Ibadan, daga Sabo zuwa Bodija, su ma suna da abin dubawa. Littafi Mai Tsarki bugun 1932, da littafin sunayen baftisma, da tsohon ƙoƙon Jibin Ubangiji sukan ƙare a ƙarƙashin gadon dattijo, gara kuwa ba ta san abu mai tsarki ba.

Sai dai ajiya a bayan gilashi ba ita ce iyaka ba. Naɗaɗɗun littattafan Attaura 1,564 sun yi shekaru cikin danshi a wata tsohuwar majami'a, kafin a kai su majami'ar Westminster a Landan a 1964. Wani magatakarda, David Brand, ya yi sama da shekara ashirin yana gyaransu da alƙalami. Aka ba da aron mafi yawansu ga majami'u a ƙasashe dabam dabam, waɗanda suka gyaru kuwa ana karanta su ranar Asabar.