Korona a Gadon Asibiti: A Dubi Numfashi Kafin Zafin Jiki



Ni likita ne, ina cikin waɗanda suka yi aiki a sashen karɓar marasa lafiya na gaggawa a nan Kano lokacin da korona ta shigo mana. Tun ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke cutar daga matakin ta-ɓaci, jama'a ma sun daɗe da ajiye takunkumi. Amma ƙwayar cutar tana nan tana yawo, kuma abin da ya ci mana tuwo a ƙwarya a wancan lokaci bai gushe ba: mutum numfashinsa yana ƙarewa, shi da iyalinsa suna can suna fama da maganin zazzaɓi. Shi ya sa nake so in faɗa muku yadda masu wannan ciwo suke zuwa hannunmu.

Bayanin farko da ya iso mana daga Sin ne. A cikin mutum sama da 44,000 da aka tabbatar sun kamu, kashi 81 cikin 100 ciwon bai yi musu tsanani ba, kashi 14 sun jigata, kashi 5 kuma sun kai rai kwakwai mutu kwakwai. Alamomin da aka lissafa su ne zazzaɓi, busasshen tari, kasala da sarƙewar numfashi. Duk gaskiya ne. Sai dai likitan da ke zaune a asibitin ƙasa irin tamu, waɗannan alamomi su yake gani tun daga safe har dare, tun kafin a san da wata korona. Zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, kowa zai ce maleriya. In an haɗa da ciwon ciki da gudawa, a ce taifot. Tari ya daɗe, hankali ya tafi kan tarin fuka. Dattijo ya zo yana haki ƙafafu a kumbure, ciwon zuciya ne zai fara zuwa rai. In kuma da rani ne, dole a tuna da zazzaɓin Lassa, wanda shi ma yana kashe ma'aikatan lafiya. To a tsakiyar waɗannan duka ake so ka ware wanda ake zargi da korona, alhali a farkon lamarin ɗakunan gwajin ƙasar nan ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, sakamako kuma sai ya kwana biyu bai dawo ba. Majinyaci ba zai jira takarda ba. Da ido da kunne da ɗan abin awon da ke hannunka za ka yanke abin yi.

A wajenmu korona da rigar maleriya take shigowa. Mutum zai ji jikinsa ba daɗi, ya je kemis a yi masa gwajin tsinke, ya nuna akwai maleriya. Sau da yawa kuma akwai ɗin, domin a ƙasar sauro mutane da dama suna ɗauke da ƙwayar a jininsu ba tare da ita ce ta kwantar da su ba, kuma cuta biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya. Sai a yi allurar kwana uku. Ba a ga sauƙi ba, a koma maganin taifot, a kira wani ya zo gida ya sa ƙarin ruwa. Kafin a ce a tafi asibiti an cinye mako guda. Wannan ciwo kuwa a nan yake juyawa: tsakanin kwana na bakwai zuwa na goma huhu yake fara gazawa ga wanda abin zai tsananta masa. Wani ma zazzaɓin ya sauka, gida ana hamdala, ashe lokacin ne haɗarin ya soma.

Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne yadda iska ke raguwa a jinin mutum ba tare da ya sani ba. Akwai wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo, da ƙafarsa ya shigo, ya zauna ya gaishe mu cikin natsuwa. Na ce, "Baba, yaya numfashin?" Ya ce, "Lafiya lau likita, gajiya ce kawai, sai ɗan jiri in na ɗago daga sujada." Malamar jinya ta maƙala masa 'yar na'urar awon iska a yatsa, ta nuna 78. Lafiyayyen mutum daga 95 zuwa sama yake. Ta canza yatsa, ta murza masa hannu ya yi ɗumi, ta sake gwadawa, haka dai. Da na tsaya na ƙirga, numfashinsa ya haura 30 a minti ɗaya, shi kuwa yana ta ba ɗansa umarni a kan kuɗin cefane. Da an bi ta bakinsa, gida za a mayar da shi a daren nan.

Ita kanta na'urar akwai magana a kanta, kuma ta shafe mu kai tsaye. A watan Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka nuna cewa takan nuna adadi sama da na gaskiya ga masu baƙar fata, har ya zama ƙarancin iskar da take ɓoyewa a jikin baƙaƙen fata ya kusan ninka na fararen fata sau uku. Jan farce da sanyin hannu ma suna rikita ta. Don haka in ta nuna 92 ga mutumin da ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta, ni mutumin nake gaskatawa. Ƙirga numfashi ba ya buƙatar komai sai agogo. Ka sa ido a ƙirjinsa yana kwance, ka ƙirga hawa da sauka na minti ɗaya. Babba mai lafiya ba ya wuce 20.

Tsofaffi kuwa nasu daban ne. Da yawa ba zazzaɓi, ba tari. Sai dai a ce Hajiya ta daina cin abinci, tana ta barci, tana kiran sunan waɗanda suka daɗe da rasuwa, ko ta faɗi a banɗaki. Iyali su ce tsufa ne. Masu ciwon suga kuma sai sugan ya haura ya ƙi sauka duk da suna shan magani, wasu ma a lokacin aka fara gano suna da shi. Waɗanda muka fi rasawa su ne masu shekaru, masu suga, masu hawan jini, masu ciwon ƙoda da masu ƙiba sosai. Mutanen Kano ba za su manta da Afrilun 2020 ba. Ranar 11 ga watan aka tabbatar da mutum na farko a jihar, kafin wata ya ƙare masu haƙar kabari sun fara kokawa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana kyautata zaton suna da alaƙa da korona. Akasarinsu dattawa ne, da yawa a gida suka cika.

Alama guda da ta taimaka mana ƙwarai ita ce ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano ba tare da hanci ya toshe ba. Mace ta ce ta turara ɗaki ba ta ji komai ba, ko magidanci ya ce miya ta koma masa kamar ruwa. Maleriya ba ta yin haka. Sai dai nau'o'in cutar na baya-bayan nan sun fi zuwa da ciwon maƙogwaro da mura, don haka rashin wannan alama ba ya wanke mutum.

Sau da yawa nakan ji ana cewa ai korona ba ta yi wa Afirka komai ba. Lallai yawan matasanmu ya rage mana asara. Amma wanda ciwon ya tsananta masa a nan ya fi na Turai shiga haɗari. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a Mayun 2021, wanda ya bi majinyata sama da 3,000 da suka buƙaci kulawa ta musamman a ƙasashen Afirka goma, har da Najeriya da Nijar da Gana, ya nuna kashi 48 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30. Dalilin ba ɓoyayye ba ne gare mu: zuwa a makare, ƙarancin ma'aikata, da ƙarancin iskar oksijin. Na ga daren da tukunyar oksijin ɗaya ta rage, masu buƙata kuma sun fi ƙarfinta. Na ga an ɗauke wuta na'urar tace iska ta tsaya, mai jinya yana yi wa mahaifinsa fifita da kwali. Abin da ya rage mana a irin wannan dare shi ne mu kifar da majinyaci rub da ciki, domin hakan yana buɗe bayan huhu, kuma sau da yawa muna ganin adadin yana hawa a gabanmu.

Sai maganar magani. A Yunin 2020 wani babban gwaji a Ingila ya tabbatar da cewa deksametason yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke yi wa numfashi, da ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin. Ga wanda iskarsa ba ta ragu ba kuwa bai nuna amfani ba, kuma yana tayar da suga, yana raunana garkuwar jiki. Don Allah a daina saya a kemis saboda mura. Kulorokwin ma an gwada, bai yi aiki ba, a Legas har an kwantar da mutanen da suka sha ya wuce kima.

Akwai kuma abin da har yau yake ci mini rai. Tsoro ya sa a wurare da dama an riƙa juya duk mai haki tun daga bakin ƙofa. Cikinsu akwai mai asma, akwai mai ciwon zuciya, akwai mai tarin fuka, mutanen da allura ɗaya da ɗan oksijin za su iya tsayar da su. Su ma majinyata, don gudun a killace su, sai suka riƙa ɓoye tarin. Abokan aikina, zargin korona ba dalili ba ne na daina neman sauran cututtuka. A sa takunkumi, a sa safar hannu, a duba mutum.

Ku kuma 'yan'uwa, ga roƙona. Wanda ya sha maganin maleriya kwana uku bai ga sauƙi ba, a kai shi asibiti, kada a sake sabon layi a kemis. Wanda tari ya kai masa mako biyu, a gwada majinarsa saboda tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. In kuwa kuka ga numfashi ya yi sauri, ko ciwon ƙirji ya ƙi tafiya, ko tsoho ya rikice, ko ba ya iya tashi daga barci sosai, kada ku jira gari ya waye, ko da jikinsa ba zafi, ko da shi da bakinsa ya ce lafiyarsa ƙalau. Ku ɗauko shi a daren, ku faɗa wa likita ranar da ciwon ya fara da duk maganin da aka sha.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.