Kafin a Kai Waya Gusau, a Duba Izinin Folda

A Magami, da zarar WhatsApp ta ƙi tura hoto ko Xender ta ƙi karɓar karatun malam, sai ka ji an ce wayar ta kamu, sai filashin. A biya kuɗin mota zuwa Gusau, a dawo da waya wayam, hotunan biki duk sun tafi. Abin yana ƙona min rai, domin sau da yawa ƙofar folda kawai aka kulle wa manhajar.

1. A fara da izini. Tun daga Android 6 ta 2015, manhaja ba ta taɓa ma'ajiyar waya sai mai ita ya yarda, yaro kuma yana iya danna "Deny" garin wasa. A danne alamar manhajar, a shiga "App info", sannan "Permissions", a buɗe mata "Storage". A Android 13 an raba shi, hotuna da bidiyo daban, sauti daban. Shi ya sa hoto kan tafi lafiya, wa'azin da ke cikin wayar kuwa ya ƙi fitowa.

2. Manhajar da ta yi watanni ba a buɗe ba, waya na iya janye mata izini da kanta. A sake ba ta.

3. Tun Android 11 ta 2020 aka rufe foldar Android/data, kuma da gangan ne, kada a wahalar da kai, ba can hotunan WhatsApp suke ba. Ƙanwata ta kwana tana kuka, wai hotunan sunan ɗanta sun ɓace daga Tecno ɗinta. Muka shiga foldar Android, muka shiga media, sai com.whatsapp, ga su nan reras. WhatsApp ce ta yi ƙaura zuwa can.

4. In mimori ya ƙi karɓar fayil a kwamfuta, a zaro gidan da aka sa shi. Akwai ɗan maɓalli a gefe. In ya zame ƙasa, a tura shi sama.

5. Masu kwamfuta, in Windows ta ce "Access is denied", a duba inda ake ajiyar. Program Files sai da izinin mai iko, don haka a ajiye aiki a Documents. In can ma ya ƙi, wataƙila "Controlled folder access" ne, kariyar da Microsoft ta kawo a 2017 saboda ɓarayin da ke kulle fayiloli su nemi fansa. A shiga Windows Security, "Ransomware protection", a yi wa manhajar da ake aikin da ita kaɗai rajista. Ban yarda da kashe kariyar gaba ɗaya ba.

6. Manhajar tocila ko ta bashi da ta nemi ganin dukkan fayiloli, a hana ta. Hoton katin NIN da na iyali suna cikin wayar.