Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Faransa Ke Tallata Fina-finanta a Ƙetare?

Ga mai sauraron da ya nemi sanin dalilin wannan ɗawainiya, amsar tana cikin abin da ake kira diflomasiyyar al'adu, wato neman farin jini a wurin wasu al'ummomi ta hanyar harshe da fasaha maimakon ƙarfin soja. Tun 1883 aka kafa Alliance Française domin koyar da Faransanci, sannan aka kafa Unifrance a 1949 don tallata fina-finan ƙasar. A tattaunawar cinikayyar duniya ta GATT a 1993 kuwa, Faransa ta kafe cewa fim ba haja ba ne kamar sauran kayayyaki, matsayin da, ko ba a faɗa ba, fargabar mamayar Hollywood ce ta haifar da shi.